Jirgin da ba a kife ba

A ƙauyenmu, can kan tudun Kurfai, in ka ce jirgi babu mai ɗaga kai ya dubi sama, babu kuma mai tuna kogi. Jirgi a wurinmu kututturen icce ne da aka rarake aka ajiye bakin rijiya, ana zuba ruwa ciki dabbobi su sha. Rijiyarmu mai zurfi ce, sai an ɗaura wa sa ko raƙumi igiya ya ja guga, saboda haka kowane gida da jirginsa da lokacinsa. Ka'idar kowa ya tashi da ita. Wanda aka bar wa cikakken jirgi ba ya gusawa sai garken da aka cika dominsa ya zo ya sha, don in ya juya baya awakin wasu su shanye, ko jaki ya taka ya zubar. In an gama, sai a kife jirgin. Kifewar nan ita ce sallama. Wanda duk ya hango jirginmu a kife ya san mun gama, mai tsaronsa ya tafi gida, wani yana iya matsowa da nasa.

Mu biyu Inna ta raya, ni da autanmu. Babanmu ya rasu muna ƙanana. Ni aka sa lakwal, wato boko, na yi ta hawa har na zama malamar makaranta a Filinge. Auta kuwa shi ne mai tsaron jirgin gidanmu tun kansa bai kai kafaɗar maraƙi ba. Ba wawa ba ne, kada a ji ni da kuskure. Ya fi ni gane hanya, ya fi ni sanin ciwon dabba. Amma irin mutanen nan ne da in ka ce musu tsaya nan, to sai ka tuna ka dawo ka ce tashi. Na sha zuwa bakin rijiya da rana tsaka in ja kunnensa, shanu sun ɓata hanya ba su zo ba, shi yana nan tsugune kan ruwan da ya yi zafi. Ni halin nan haushi yake ba ni. Inna ita ce take alfahari da shi a gaban mata.

Shekarar da aka fara shimfiɗa dogo, hanyar jirgin ƙasa, daga Yamai zuwa Doso, rediyo bai da wani zance. Tsofaffin ƙofar masallaci suka ce su tun bakin iyayensu suke jin za a kawo jirgin ƙasa, tun zamanin Nasara, in sun gani da ido sa yarda. Samari ba su tsaya jin wannan ba. Da aka gama girbin hatsi suka cika motoci, Auta a cikinsu. Ya sami aiki a shantiye, inda ake shimfiɗar, yana ɗaukar tsakuwa, yana ɗaure ƙusoshin da ke riƙe ƙarfe. Da salla ya zo gida da riga mai ruwan ɗorawa da hular kwano, yaran ƙauye suna binsa har ƙofar ɗaki.

Inna ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Wane aiki na kaka yi can?"

Ya ce, "Aikin jirgin ƙasa, Inna."

"Na ƙasa? Su ba su da icce?"

Na fashe da dariya har na ƙware. Ta harare ni, ta koma kansa. "Tsawonai awa daga ina zuwa ina?"

"Daga Yamai hal Doso."

Ta riƙe haɓa. "Wane irin garke na za shi sha wanga jirgi?"

Na zauna na yi mata bayani irin na aji. Na ce ƙarfe ne, Inna, kamar amalanke da yawa aka ɗaura wa juna, inji yana ja. Ta yi ta gyaɗa kai yadda take yi in yaro yana shara mata ƙarya. Sai Auta ya ce an ce musu in an gama, shanun kasuwar Baleyara ma ciki za a riƙa zubawa a kai su bakin teku. Nan fuskarta ta washe. Ta ce, "To, kun ji. Ni na san da shanu ciki." Daga ranar babu wanda ya sake iya raba ta da fahimtarta, mu ma muka bar ta, don abin dariya ne mai daɗi a gida.

Da shimfiɗa ta ƙare aka sallami yawancin ma'aikata, aka riƙe kaɗan. Auta yana cikin waɗanda aka riƙe. Aka ba shi wani wuri a ƙasar Zabarmawa, inda burtalin shanu ya ƙetare dogo kusa da wani ƙauye, aka ba shi jar tuta da usur. Aikinsa in jirgi na tafe ya tare dabbobi da mutane har ya wuce. Ya zo ya yi mana ban kwana. Inna ta raka shi bakin hanya, abin da ba ta taɓa yi ba, ina biye da jakarsa. Ta kama hannunsa ta ce:

"Jirgin mutane na anka ba ka tsaro. Kak ka kunyata ni. Kak ka tashi sai masu shi sun zo sun sha an kihe."

Na sake yin dariya. Shi bai yi ba, ya ce, "To, Inna."

Abin da ya biyo baya kowa a ƙasar nan ya san shi. An yi biki, mun gani a talabijin, manya sun shiga tarago suna ɗaga hannu. Auta ya kira ni ranar, ya ce jirgin ya wuce ta gabansa, ƙasa ta girgiza, ya ɗaga tuta direba ya busa masa. Bayan nan wucewar da jirgin ya yi ta wurinsa ba ta kai a ba da labari ba. Aka ce sai an gyara wani abu. Aka ce sai an haɗa da na ƙasar maƙwabta. Aka daina cewa komai. Waɗanda suka ɗauke shi aiki suka kwashe motocinsu, lambar da suka bar masa ta daina shiga. Abokan aikinsa suka watse, wasu wurin haƙar zinariya, wasu bakin teku. Damina ta zo ta cinye ƙasar ƙarƙashin dogo a wurare, rani ya zo ya binne wasu wuraren da rairayi. Shanun Baleyara suka ci gaba da tafiya a kamyo, manyan motocin kaya, kamar yadda suka saba.

Auta bai dawo ba. Shekara ta farko na ce kunya ce. Ta biyu na ce wata ƴar Zabarmawa ce ta riƙe shi. Na kira na yi lallashi, na kira na yi zagi. Amsarsa ɗaya ce, ba a sallame shi ba. Inna kuwa in an tambaye ta sai ta ce ɗanta yana tsaron jirgin gwamnati, masu shi ne ba su iso ba tukuna. Na ga tana ramewa, na ga tana ajiye masa kason kilishi har ya lalace, amma ko sau ɗaya ba ta ce ya dawo ba. Ita a ganinta ba a kiran mai tsaro daga bakin rijiya.

Ana cikin zafin bazara aka aiko mini cewa ta faɗi wurin daka. Muka kawo ta asibitin Filinge a bayan amalanke. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi gaba ɗaya. Matar da muryarta ke kai wa ƙarshen gona, sai wani ɗan gurnani. Likita ya ce in tana ci tana sha za ta iya jimawa. Ita kuwa ta ƙi. In na kai fura bakinta sai ta datse haƙora, ta kawar da kai wajen ƙofa. Duk wanda ya ɗaga labule sai idonta ya tashi, in ta ga ba shi ba ne ya koma. Ba na bukatar malami ya faɗa mini wa take jira. Aka sa mata ruwa a jijiya, jijiyar ma ta fara ɓuya.

Na kira shi daga barandar asibitin. Na ce Inna na kwance, ba ta ci, ya taho yau.

Ya ce, "Ita tac ce in taho?"

Na ce ita ta ce.

"Ba ta salula in ji."

Na shiga na kara mata a kunne. Ta ji muryarsa yana kiran Inna, Inna. Ta buɗe baki, wuyanta ya yi ta motsi, hawaye suka gangara cikin kunnenta, babu kalmar da ta fito. Na karɓe na ce ka ji dai. Ya ce ya ji kuka, bai ji sallama ba. Ya fashe da kuka shi ma, ya kashe.

Na bar ta hannun wata maƙwabciyarmu na shiga mota. Ranar kasuwar Baleyara ce, muka maƙale cikin shanu da kamyo, ina zaune ina cizon gefen mayafi. Daga can na bi wata motar da ta gangara kudu cikin kwarin da ya ratsa Filinge, har inda ya haɗu da hanyar Doso. Wani mai shayi a bakin hanya, Bazabarme mai fara'a, da na ce ina neman mai tuta, bai ko tambayi suna ba. Ya nuna mini da ludayi.

Ban taɓa ganin dogon da idona ba sai ranar. Na zaci zan ga wani abu mai girma. Ƙarafa biyu ne masu tsatsa, ɗaya ya ɗan karkace, tumfafiya ta fito a tsakaninsu, mata sun shanya ganye a kan tsakuwar. Hagu da dama rairayi ya haɗiye su. Amma daidai wurin burtalin, tsawon da bai fi tsakar gida ba, a share yake tas, babu ko tsinke. Ga wata ƴar bukka ta zana, ga benci. Ga ƙanena a kai, rigar nan ta koɗe ta zama fara, gemu ya cika masa fuska, tuta a kan cinyarsa. Mutanen ƙauyen ne ke ba shi tuwo, shi kuma yana taya su noma a gonakin da yake iya hango wurin daga cikinsu.

Na yi niyyar in fara da lallashi. Da na gan shi duk ta zube.

Na ce, "Kai, tashi! Mi kaka tsaro nan? Dubi abin ga! Akuya ma ba ta jin tsoronai. Uwakka na can tana mutuwa, kai kana nan kana sharar ƙarhe!"

Ya ce, "Sannu da hanya, Yaya."

Na fizge tutar na jefa cikin ƙaya. Ya tashi a hankali ya je ya ciro ta, ya kakkaɓe. Na ce babu jirgi, ba zai zo ba, masu shi sun manta an haife shi. Na ce ni da na yi karatu na sani. Na ce Inna ba ta san me take faɗa ba ranar nan, ta ɗauka kwamin ruwa ne, shi ma ya sani, a gabansa muka yi dariya.

Ya ce, "Ke kinka yi dariya."



Ya ƙara da cewa, "Na san ba shi zuwa, Yaya. Na daɗe da sani. Ba su nika jira ba. Tun da nike ban taɓa tashi bisa jirgi ba sai tac ce. In na tahi yanzu, in shiga in ce mata mi? In ce na baro shi buɗe? Da wanga za ta tahi lahira, ɗanta ya watsar da maganatta?" Ya share fuska da tutar. "Ita taɗ ɗaure, ita ka kwancewa. Ko da kalma guda ta."

Na durƙusa a kan tsakuwar nan mai zafi, ni babbar yayarsa, na kama ƙafarsa. Na ce ba ta da kalma guda, Auta, an karɓe mata. Ya ɗago ni yana kuka, ya kawo mini ruwa a moɗa, amma bai bi ni ba. Mai shayin nan ya ga yadda na dawo, ya zuba mini shayi ya ƙi karɓar komai, ya ba ni lambarsa ya ce in wani abu ya faru in kira, don salular Auta ƴar ƙarama ce kuma ba kullum take da wuta ba.

A hanyar komawa na tsani kowa. Na tsani waɗanda suka shimfiɗa ƙarfe suka tafi ba su ce wa mutum ɗaya tashi ba. Na tsani Auta. Na tsani rijiyarmu da ka'idarta. Har Inna na tsana, Allah ya yafe mini, ina kuka ina jin tsoron kada in tarar an rufe ta da zane.

Na tarar tana nan, ta ƙara shigewa cikin katifa. Da na ɗaga labule idonta ya wuce ni yana neman bayana. Na ga lokacin da ta gane ni kaɗai ce. Maƙwabciyarmu ta ce ko ɗigo ba ta karɓa ba. Na dama fura a ƴar ƙwaryarta da muka zo da ita daga gida, na zauna na yi ta koya mata magana kamar ƴar aji ɗaya. Na ce mata, ce taho, Inna. Ta-ho. Leɓenta ya yi ta rawa, miyau ya zubo. Na gaji, haushi ya taso mini, na ajiye ƙwaryar a gefen katifa na faɗa mata abin da ban yi niyyar faɗa ba.

Na ce, "Ke kinka ɗaure shi! Ke kinka ce kas shi tashi sai an sha an kihe. Shina can zaune cikin rana shekara da shekaru, babu garke, babu kowa. Ya ce ba shi tasowa sai kin sallame shi. To ga shi ba ki iyawa. Sai ku mutu ke da shi, ni in huta!"

Inna ta kafe ni da ido. Ban san ko sai a lokacin ta san maganarta ce ke riƙe da shi ba, ko kuwa ta daɗe da sani. Hannunta na hagu, mai lafiyar, ya fara lalube a kan katifa har ya sami bakin ƙwaryar. Ta ture ta. Fura ta malale a kan zane ta ɗiga ƙasa. Na ce shi ke nan, yau har da ɓarna, na miƙa hannu in ɗauke. Sai ta make mini hannu, da ɗan ƙarfin da ban san ya rage mata ba. Ta ja ƙwaryar da yatsu, ta kuɓuce, ta sake ja, har ta juya ta baki a ƙasa. Ta ɗora tafinta a kan bayan ƙwaryar, ta danna, ta dube ni.

Na daɗe a tsaye kafin in gane. Ni mai karatu.

Na ciro salula na ɗauki hoto. Ban ɗauki fuskarta ba, ba na so ya ga bakin. Ƙwaryar kawai a kife, da hannunta a kai, da tabon da igiyar guga ta bar mata a gindin babban yatsa. Na tura wa mai shayi, na kira na roƙe shi don Allah ya bar tukunyarsa ya kai wa Auta. Daga baya ya ba ni labari. Ya ce Auta ya karɓi salular da hannu biyu ya daɗe yana kallo. Sannan ya naɗe tuta ya soke ta a rufin bukka, ya ɗauki bencinsa ya kife a tsakanin ƙarafan, ya shiga ƙauye gida gida yana godiya.

Sauran jiran shi ya fi komai tsanani. Numfashinta ya fara ja, ina zaune ina kallon ƙirjinta ina kallon labule. Duk ƙarar mota sai in fita da gudu. Ina ce mata yana hanya, Inna, ya wuce Baleyara, alhali ban san inda yake ba, salularsa a mace.

Washegari bayan azahar ya ɗaga labulen. Ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar mai shiga ɗakinta na gida. Ya durƙusa gefen gadon ya sunkuyar da kai, ta ɗora hannun a kan sumarsa, tana shafa gemun da ba ta san shi da shi ba. Inna ba ta ga girbin shekarar ba, ta rasu hatsi yana fitar da kai, a ɗakinta, muna tare da ita mu biyu. Amma in na tuna ta ba ranar nake tunawa ba, wannan yammacin nake gani.

Ya ɗago ya ce, "Inna, ba su zo ba. Na yi ta jira. Ko guda bai sha ba."

Ƙwaryar tana nan kife a gefenta, don ta hana kowa taɓa ta tun jiya. Ya ɗauka ya buɗe, ya goge cikinta da gefen rigarsa, ya miƙo mini na zuba fura. Ya tallafi kanta ya kai bakinta. Ta buɗe, ta sha, rabi yana zuba ta gefen da ya karkace, shi yana tarewa da yatsa yana mayarwa. Bai gusa ba sai da ta shanye.